Kebul Ɗin Dish Zai Iya Kai Intanet Ɗaki-Ɗaki, Amma Sai An Duba

Duk wanda ya ɗaga kai ya dubi rufin gidaje a Salaga, ko Yendi, ko Bawku, zai ga dish birjik, wani yana aiki, wani kuwa ya yi tsatsa ya sunkuyar da kai tun shekarun baya. Daga jikin kowane dish akwai kebul fari ko baƙi da ya gangaro ta bango, ya bi ƙarƙashin kwanon rufi, ya shige ɗaki ta wata 'yar kafa da aka huda a gefen taga. Tun daga shekarar 2009 da Multi TV ta fito da tashoshin da ake kallo ba tare da biyan kuɗin wata ba, dish ya shiga cikin kayan ɗaki a zangunanmu, har ta kai a babban gida mai sassa da yawa sai a ƙirga kebul biyar ko shida suna bin bango ɗaya.

To, a yau hankalin mutanen gida ya fara komawa kan wayar hannu. Gidaje da dama sun sayi 'yar na'urar nan mai raba intanet da ake kira rauta, suka sa mata layin MTN ko na Telecel, suka ajiye ta a ɗakin maigida ko a shagon ƙofar gida. Wanda ke kusa da ita yana samu yadda yake so. Wanda ɗakinsa ke can ƙuryar gida kuwa, sai ya fito tsakar gida ya ɗaga waya sama kamar mai duban wata. Wannan ne ya sa ake ta tambaya, shin kebul ɗin dish da ya riga ya shiga kowane ɗaki ba zai iya ɗaukar intanet ya kai ta can ba?

Amsa ita ce zai iya, kuma an shafe kusan shekara 20 ana yin haka a gidajen Amurka. Amma fa na'urorin da ke wannan aiki an ƙera su ne bisa tsarin gidajen can, wanda ya sha bamban da namu a wuri ɗaya mai muhimmanci. Wanda ya aika aka sayo masa ba tare da ya san abin da ke bin kebul ɗin gidansa ba, yana iya asarar kuɗinsa, ya kuma kashe wa iyalinsa talabijin. Shi ya sa muka ga ya dace mu warware wa masu karatu zare da abawa.

INDA INTANET KE TSAYAWA

Ghana ta samu cikakkiyar hanyar intanet a shekarar 1995, tana cikin ƙasashen farko a Afirka ta Yamma, amma an daɗe kafin abin ya hau arewa da ƙarfinsa. A 2015 aka kammala shimfiɗa igiyar gilashi ta gabashin ƙasa, mai tsawon kusan kilomita 800, wadda ta tashi daga Ho, ta bi ta Yendi ta kai Bawku, tare da reshe daga Yendi zuwa Tamale, da taimakon gwamnatin Danmak. A 2016 MTN ta soma 4G. A 2024 kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCA, ta ba kamfanin Starlink izinin kawo intanet ta tauraron ɗan Adam. Ke nan intanet ta ƙetare teku, ta ratsa ɗaruruwan kilomitoci ta iso garuruwanmu, sai ga shi mita 30 na ƙarshe, daga zaure zuwa ɗakin ƙurya, sun gagare ta.

Dalili kuwa shi ne waifai ɗin da rauta ke watsawa ɗan ƙaramin gidan rediyo ne marar ƙarfi. Yana aiki a kan zango biyu, na gigahaz 2.4 da na gigahaz 5. Na farko ya fi nisa amma ya fi jinkiri, na biyu ya fi sauri amma bango ɗaya ko biyu sun isa su karya shi. Gidajenmu kuwa kowa ya san yadda suke. Bangon bulo ko na laka mai kauri, ginshiƙi mai rodi a ciki, ƙofar ƙarfe, tagar ƙarfe, ga rufin kwano a sama, kuma ƙarfe mayar da siginar rediyo baya yake yi. Ɗakunan ma a jere suke kewaye da tsakar gida, don haka sigina sai ta huda bango huɗu ko biyar kafin ta isa sashen ƙarshe.

Kada wani ya ɗauka maganar kallon wasa ce kurum. Da intanet ake duba sakamakon jarrabawar WAEC, da ita ake ganin makarantar da aka tura yaro bayan BECE, da ita ake cika takardar neman shiga makarantun koyon jinya irin ta Kpembe kusa da Salaga, ko kwalejin horar da malamai ta Gbewaa da ke Pusiga. Da ita tsohuwa ke ganin fuskar ɗanta da ke Ankara ko Kumasi ko Hambog. A watan Maris na 2020 da aka rufe makarantu saboda cutar korona, an ga bambancin gidan da ke da ita da wanda ba shi da ita. A Bawku kuwa, inda dokar hana yawon dare ta sha tsare mutane cikin gida a shekarun nan, ɗalibi ba shi da damar zuwa wani wuri ya nemi sabis bayan duhu ya yi. Bugu da ƙari, in rauta ba ta kai ɗakin mutum ba, dole ya koma sayen data ƙanana-ƙanana a wayarsa, alhali kuwa kowa ya san sayen tsintsiya-tsintsiya ya fi sayen dami tsada.

MENE NE WANNAN KEBUL?

In aka yanka kebul ɗin dish za a ga silin waya guda a tsakiya, farar roba ta lulluɓe shi, sa'an nan takardar gwangwani da saƙar siraran wayoyi sun kewaye robar, kana baƙar riga ko fara a waje. Masu aikin suna kiransa kowaks, wanda ya fi yawa a kasuwanninmu kuma shi ne mai lamba RG6. Silin tsakiya ne ke ɗaukar saƙo, saƙar da ta kewaye shi kuwa garkuwa ce da ke hana saƙon zubewa waje, ta kuma hana hayaniyar waje shigowa. Wani Baturen Ingila mai suna Oliver Heaviside ne ya yi rajistar wannan dabara tun a 1880.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tun da daɗewa aka yi amfani da irin wannan kebul wajen haɗa kwamfuta da kwamfuta. Hanyar nan ta Ethernet da ake amfani da ita a ofisoshi, wadda Robert Metcalfe da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a kamfanin Xerox a 1973, a kan kowaks ta soma tafiya, daga baya ne aka koma ga kebul mai sili takwas da muke gani a bayan kwamfuta a yau. Ashe gaskiyar Hausawa da suka ce da tsohuwar zuma ake magani.

A shekarar 2004 wasu kamfanonin talabijin da na kayan lantarki a Amurka suka kafa ƙungiya mai suna Multimedia over Coax Alliance, wadda ake taƙaitawa MoCA. Nufinsu shi ne, tunda akasarin gidajen can an riga an binne musu kowaks cikin bango zuwa kowane ɗaki domin talabijin, me zai hana a bi ta cikinsa a raba intanet ba tare da fasa gini ba. Tsarin da suka fitar a 2007 yana ɗaukar megabit 175 a sakan ɗaya. Na 2010 ya kai megabit 1,000, na 2016 mai lamba 2.5 kuwa ya kai 2,500. Wannan ya ninka abin da rauta mai layin waya ke samowa daga turken kamfani sau da yawa, don haka ta fuskar sauri babu abin fargaba.

Haɗin kansa ba wuya. Ana bukatar adafta biyu, kowace ba ta fi tafin hannu ba. Ta farko tana zama kusa da rauta, a haɗa su da gajeren kebul na Ethernet, sa'an nan a ɗaura mata bakin kowaks. Ta biyu tana zama a ɗakin da ake son intanet ta je, a ɗaura mata ɗaya bakin kowaks ɗin, daga nan a jona kwamfuta ko talabijin kai tsaye, ko kuma a jona wata rauta ta biyu da za ta watsa waifai a wannan sashen. Tsohuwar rauta da aka ajiye ma tana yin wannan aiki, muddin an kashe mata aikin raba adireshi domin kada ta yi jayayya da uwar. Layi ɗaya yana ɗaukar adafta har 16, kuma an tsara abin ne a kan nisan kimanin mita 90.

INDA GIZO KE SAƘAR

Masu sauraron rediyo sun san gajeren zango da matsakaicin zango, sun kuma san cewa in tasha biyu suka hau wuri ɗaya, ba a jin ko ɗaya sai ƙara. Haka abin yake cikin kowaks. Saƙo iri-iri na iya bin kebul guda ba tare da rikici ba, da sharaɗin kowanne yana kan zangonsa.

Tashoshin talabijin da ake kamawa da eriya ta sanda suna tsakanin megahaz 470 da kusan 700. Talabijin na kebul irin na Amurka yana tsayawa ne a wajen 1,000. Saboda haka masu MoCA suka ɗora tasu a sama, daga 1,125 zuwa 1,675, inda babu kowa. A can wannan dabara ta yi daidai.

A wurinmu fa? Ɗan kan nan da ke gaban dish, wanda ake kira LNB, yana karɓo sigina daga tauraro ya sauko da ita cikin kebul a tsakanin megahaz 950 da 2,150. Mai karatu ya duba lambobin nan da kyau. Zangon MoCA gaba ɗayansa ya faɗa tsakiyar zangon dish. In aka ɗora su kan kebul ɗaya, hoto zai dinga tsinkewa ko tashoshi su ɓace, intanet ɗin ma ba za ta zauna ba. Har ila yau dikoda tana tura wuta mai ƙarfin bolt 13 ko 18 ta cikin kebul ɗin domin ciyar da LNB, kuma ba a yi adaftar MoCA domin ta zauna kan wannan hanya ba. Wannan doka ɗaya ce ko dish ɗin na Multi TV ne, ko na DStv, ko na StarTimes, domin dukansu hanya guda suke bi.

Mai sayarwa a Amurka ko a kasuwar intanet ba lalle ya faɗi wannan da babbar murya ba, tunda masu sayensa yawanci ba dish suke da shi ba. Ɗan'uwan da aka aika ya sayo ma bai yi laifi ba, abin da yake aiki a ɗakinsa na can shi ya turo.

KOWA YA DUBI GIDANSA

Idan muka bi gidajenmu za mu tarar sun kasu kashi huɗu, kuma kowanne da hukuncinsa.

Na farko shi ne gidan da dish ya mutu ko aka daina kallonsa, kebul yana nan a banza. Wannan shi ne ya fi kowa sa'a. A gidajenmu kebul ɗin ɗakuna ba a cikin bango suke haɗuwa ba, a bakin dish suke haɗuwa, musamman inda aka sa LNB mai baki biyu ko huɗu domin kowane ɗaki ya samu dikodarsa. Sai a kwance kebul ɗin ɗakin da rauta take da na ɗakin da ake son kai wa, a cire su daga LNB ɗungurungum, a haɗa bakunansu da ɗan ƙarfen nan mai zare ta gefe biyu da masu dish ke ƙara tsawon kebul da shi. Nan take an samu layi guda daga wannan ɗaki zuwa wancan, babu wani abu a kansa. Kowace irin adafta za ta yi aiki a nan.

Na biyu shi ne gidan da ke kallo da eriya ta sanda, kamar masu akwatin tashoshin ƙasa. Nan MoCA da talabijin suna iya zama kan kebul ɗaya, tunda ɗaya yana ƙasa da 700, ɗaya yana sama da 1,100. Sai dai a ɗaura 'yar matata ta MoCA a gindin eriya, kafin kebul ya rabu zuwa ɗakuna, don kada saƙon gida ya hau eriya ya watsu waje. In akwai tsohuwar busta mai ƙara wa eriya ƙarfi, a tabbata tana can ɓangaren eriya, domin in ta faɗo tsakanin adafta biyu za ta toshe musu hanya.

Na uku shi ne gidan da dish ke aiki kuma ba a son rabuwa da shi, kuma nan ne yawancinmu muke. MoCA ta yau da kullum ba ta wannan gida ba ce. Akwai wata 'yar'uwarta mai suna DECA, wadda kamfanin DirecTV na Amurka ya yi domin masu dish, tana aiki tsakanin megahaz 475 da 625, watau ƙasa da zangon dish, kuma wadda aka fi samu tana ɗaukar megabit 100. Ta fi araha nesa ba kusa ba, amma ita kuma tana karo da tashoshin eriya. Akwai kuma tsarin G.hn na Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, wanda nau'insa na kowaks da aka fi sayarwa yake aiki ƙasa da megahaz 200. Waɗannan biyu suna iya raba kebul da dish, amma sai an sa mahaɗin da ya dace, mai barin wutar dikoda ta wuce zuwa LNB ba tare da ta shiga adafta ba. Wannan aikin gwani ne, kada a yi shi da ka.

Na huɗu shi ne shago ko gidan baƙi da aka taɓa sa wa kyamarar tsaro ta tsohon yayi. Kebul ɗin kyamarar ma kowaks ne, sau da yawa mai lamba RG59, wanda ya fi RG6 siranta kuma ya fi shi zubar da sigina. In nisan ba shi da yawa kuma an cire kyamarar daga kansa, shi ma yana ɗauka.

TSOHUWAR RIJIYA SAI AN YASHE

Mutanen Salaga, garin rijiyoyi, sun san ba a zura guga a tsohuwar rijiya a kai baki sai an yashe ta. Kebul ɗin da ya shekara goma a kan rufi ya sha zafin watan Maris da Afrilu, ya sha ƙurar hunturu, ya sha ruwan damina. Rana tana tsattsaga rigarsa, ruwa ya shiga ta tsagar ya bi saƙar ciki, ta yi tsatsa ko ta yi fari kamar gishiri. Irin wannan kebul yana iya nuna hoto da ƙyar amma ya kasa riƙe intanet. A bi shi daga baki zuwa baki, a duba inda ƙusa ta matse shi, da inda ƙofa ta tauna shi, da inda aka taɓa murɗa biyu da hannu aka naɗe da leda. Duk irin wannan wuri a yanke, a sa sabon kai mai zare, a haɗa da ƙarfen haɗi. Mahaɗin da ya rage a waje kuma a janyo shi ƙarƙashin inuwar kwano, a naɗe shi da tef mai hana ruwa, a bar kebul ya ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ya shiga ɗaki domin ruwa ya ɗige a waje.

Sai maganar ɗan ƙarfen nan mai raba kebul gida biyu ko uku, wanda ake kira sifilita. Kowace mai baki biyu tana ba kowane baki ƙasa da rabin ƙarfin da ya shigo, don haka in aka jera uku a hanya ɗaya, abin da zai isa ƙarshe kaɗan ne. A rage yawansu iya gwargwado. A kuma karanta abin da aka rubuta a jikinta. Wadda ta tsaya a 1,000 ba ta dace da MoCA ba, a nemi mai kaiwa 1,675 ko fiye. Irin ta masu dish da aka rubuta wa 5 zuwa 2,400 tana ɗaukar wannan zango. Bakin da ba a yi amfani da shi ba a rufe shi da murfinsa mai om 75. Akwatin nan mai haɗa dish biyu ko uku zuwa dikoda ɗaya kuwa, dole a cire shi daga hanya.

Ta fuskar wuta, lantarkinmu bolt 230 ne, na Amurka 120. A duba jikin cajar adaftar, in an rubuta 100 zuwa 240 to lafiya, sai a nemo mata kan da zai shiga soket ɗinmu mai ƙafa uku. Kowace adafta tana bukatar soket nata, cin wutarta bai wuce na ƙaramin ƙwan fitila ba, amma in NEDCo ta ɗauke wuta ita ma ta tsaya, ko da rauta tana da batir. Kana ga tsawa. Hadarin farkon damina a arewa ba wasa ba ne, kuma kebul ɗin da ya bi saman rufi yana iya kwaso wutar tsawa ya shigo da ita har cikin rauta da talabijin. A sauko da shi daga rufi ya bi ƙarƙashin kwano, a sa mai gyaran wuta ya haɗa garkuwarsa da ƙasa, in hadari ya taso da walƙiya kuma a zare.

A YI LISSAFI TUKUN

Yanzu sai mu faɗi abin da mai sayarwa ba zai faɗa ba. Abin da ya sa Ba'amurke ke sayen MoCA shi ne kebul ɗinsa a binne yake cikin bango, jan sabo kuma yana nufin fasa gini da biyan lebura mai tsada. Mu kuwa kebul ɗinmu a fili yake, an kafe shi da ƙusa a jikin bango, kuma kafar da ya bi ya shiga ɗaki tana nan. Adaftar MoCA 2.5 guda biyu sukan kai dala 100 ko fiye a kasuwar can, ban da kuɗin kawowa, kuma ba kaya ba ne da za a shiga kowane shago a Tamale ko Bolgatanga a tarar. Kebul na Ethernet kuwa, irin mai lamba Cat6, ana sayar da shi awo-awo a manyan garuruwa, yana kai mita 100 ba tare da wata na'ura a tsakani ba, ba ya cin wuta, ba ya kuma rikici da dish. A gidaje da yawa, mutum ya sayi mita 40 na irin wanda aka yi domin waje, ko ya zura shi cikin bututun roba, ya bi da shi gefen tsohon kebul, ya fi masa sauƙi a aljihu.

To yaushe ne bin kowaks ya fi? In gidan bene ne ko sabon gini da aka binne kebul cikin bango aka shafe da filasta da tayil. In gidan haya ne kuma mai gida ya hana huda bango. In makaranta ce, ko asibiti, ko gidan baƙi da aka riga aka kai wa kowane ɗaki kebul ɗin talabijin daga wuri ɗaya. Ko kuma in wani ɗan'uwa ya riga ya aiko da adaftar, ga kebul a banza.

Akwai masu cewa a bi ta wayar lantarki da wata irin adafta da ake cusawa a soket. Wannan ma akwai ta, sai dai a gidajen haya inda kowane ɗaki ke da mitarsa, ko inda aka ja wuta daga layi daban-daban, sau da yawa ba ta haɗuwa, in ta haɗu ma firij da injin walda suna dama mata lissafi.

ABIN DA KEBUL BA ZAI GYARA BA

Adafta ba ta ƙara data, ba ta kuma ƙara ƙarfin turken kamfani. Abin da rauta ta samo shi take rabawa. In sabis ɗin unguwa ya yi rauni, ɗakin ƙurya zai samu raunin nan daidai da zaure. A ranar 14 ga Maris 2024, da igiyoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, Ghana kusan gaba ɗaya ta shiga matsala kwanaki, kuma babu dabarar cikin gida da ta fitar da kowa. Amma akwai amfani ɗaya da ba a cika lura da shi ba. In akwai layi mai kyau tsakanin ɗakuna, ana iya ɗauke rauta daga inda aka saba ajiye ta a kai ta ɗakin da ya fi kama sabis, ko da shi ne na can ƙarshe, daga nan a rabo wa sauran.

Sai kuma zaman tare, wanda ya fi haɗa waya wuya. Da intanet ta shiga kowane ɗaki, datar da ke kai wata guda tana iya ƙarewa cikin mako, musamman in talabijin ya hau kanta. Kafin a ɗaura kebul, a zauna a yi magana: wa zai biya nawa, ran nawa ga wata, wa ke riƙe da lambar sirri, ƙarfe nawa yara za su sauka. Ɗan haya ya nemi izinin mai gida kafin ya taɓa kebul ɗin da ya tarar, kada kuma ya kwance na maƙwabcin ɗakinsa bisa zaton ba ya aiki. Wanda ya yi niyyar mayar da abin sana'a ya dinga sayar wa unguwa, ya sani wannan yana bukatar lasisin NCA, ya kuma duba sharuɗɗan kamfanin da ya sayi layi a wurinsa.

Shawararmu ga mai karatu ita ce ya bi abin daki-daki. Ya fara gano inda kowane kebul ya fito da inda ya nufa, ya manna musu alama. Ya tantance ko dish ne a kai, ko eriya, ko babu komai. Ya auna nisan, ya tambayi kuɗin Cat6 na wannan awo, ya kwatanta da na adafta biyu. In ya yanke shawarar sayen adafta, ya faɗa wa wanda zai sayo masa a fili cewa gidan dish ne, kuma su zama iri ɗaya. Da sun iso, ya fara gwada su a kan tebur da guntun kebul, in fitilar haɗi ta kama ya san na'urorin lafiya suke, duk matsalar da ta biyo baya daga kebul ɗin bango take.

Muna kuma kira ga matasanmu masu sana'ar ɗaura dish a Salaga da Yendi da Bawku. Su ne suka ja waɗannan kebul, su suka san inda kowanne ya bi, suna da tsani da abin matse kai da na'urar gwaji. Aikin ɗaura sabon dish ba zai dawwama yadda yake a shekarun baya ba, amma gidajen da ke neman a kai musu intanet ɗaki-ɗaki kullum ƙaruwa suke yi. Wanda ya koyi matse kan Cat6, ya iya saita rauta ta biyu, ya kuma riƙe lambobin zangon nan da muka kawo, zai iya duban gida ya gaya wa maigida gaskiya, ko tsohon kebul zai yi, ko a ja sabo.